Daga Ganye Zuwa Gari: Tarihin Shayin Ƙanƙara

Gabatarwa

Duk lokacin da bazara ta kankama, rana ta take tsaka, kwalta ta fara tiriri, babu abin da ran ɗan Adam ke so irin abu mai sanyi. A irin wannan lokaci ne mukan ga manyan kantuna sun jera wasu 'yan ƙunshi da gwangwanaye na garin shayi, wani da ɗanɗanon lemun tsami, wani da na mangwaro, wani kuma da na 'ya'yan itacen da ko a mafarki ba mu taɓa ganin bishiyarsu ba. Abin da ake bukata kawai shi ne a zuba garin a ruwan sanyi, a motsa da cokali, a jefa ƙanƙara, sai sha. Idan aka miƙa wa dattijon da ya saba da shayin gawayi irin wannan kofi, ba mamaki ya ture shi ya ce ai wannan ruwan alawa ne, domin a saninsa shayin da ya huce ya riga ya mutu.

To, da dattijon da mai kantin kowa yana da hujjarsa, kuma gardamar tasu ta girme su da fiye da shekara dubu. Abin da muke so mu yi a wannan maƙala shi ne mu bi sawun wannan ganye tun daga duwatsun ƙasar Sin har zuwa ɗan ƙunshin da ke kan kanta, mu ga yadda aka yi ya koma gari, da wahalar da mutane suka sha a hanya, da kuma abin da aka samu da wanda aka rasa.

Asalin ganyen da sunayensa

Duk shayin duniya na ainihi, baƙi ne ko kore, daga tsiro guda yake fitowa, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Asalinsa yankin da kudu maso yammacin Sin ya haɗu da Bama da arewa maso gabashin Indiya. Bambancin baƙi da kore a wajen sarrafawa yake. Idan aka tsinko ganye aka yi maza aka gasa shi ko aka turara shi, sai ya zauna kore. Idan kuwa aka murje shi aka bar iska ta ratsa shi na wasu sa'o'i, sai ya rine ya yi duhu, kamar yadda goro ke sauya launi idan an ɓare shi an ajiye.

Mutanen Sin suna da tatsuniyar cewa wani sarki mai suna Shennong ne ya fara shan shayi a shekara ta 2737 kafin Miladiyya, wai iska ce ta kaɗo ganye cikin ruwan da ake tafasa masa. Wannan dai almara ce. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a zamanin daular Tang wani malami mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, wajen shekara ta 760 Miladiyya, mai suna Cha Jing. A ciki ya yi bayanin noman ganyen, da kayan dafa shi, da irin ruwan da ya fi dacewa. Abin sha'awa kuma, ya yi kaca-kaca da mutanen zamaninsa masu dafa shayi da citta da albasa da ɓawon lemo da na'a-na'a, yana ganin sun ɓata abu mai daraja. Ɗan gishiri kaɗai ya yarda a sa. Ke nan da Lu Yu zai zauna a teburin mai shayinmu ya ji ƙamshin citta da kanumfari, da mun sha faɗa.

Haka kuma garin shayi ba baƙon abu ba ne. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, niƙa ganyen ake yi ya yi laushi, a zuba ruwan zafi, a kaɗa shi da ɗan maburgi na gora har ya yi kumfa. Wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya koma Japan da wannan al'ada a 1191, kuma ita ce ta haifi garin koren shayin da Japanawa ke kira matcha. A Sin kuwa, sarkin farko na daular Ming ya ba da umarni a 1391 cewa a daina kawo wa fada curarren shayi, a riƙa kawo ganye warwatse, daga nan jiƙa ganye a buta ya zama ruwan dare.

Sunan ma yana ɗauke da taswirar tafiyarsa. A mafi yawan ƙasar Sin "cha" ake cewa, kuma wannan suna ne ya bi ayarin fatake ya zama "chay" a bakin Farisawa da Turkawa, ya zama "shay" a bakin Larabawa, ya iso gare mu a matsayin "shayi". Amma a gaɓar tekun Fujiyan "te" ake cewa, kuma daga masu wannan lafazi 'yan kasuwar Holan suka ɗauki sunan suka kai Turai, har ya zo mana ta bakin Ingilishi a matsayin "ti". Wato Bahaushe ya tari baƙon nan ta ƙofa biyu, ta hamada da ta teku, ya kuma riƙe sunayen duka biyun.

Ganyen da ya jawo yaƙi

Jiragen Holan ne suka fara kai shayi Turai wajen 1610. A Ingila, ya samu shiga fada bayan da Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiyar Fotugal, Catherine, a 1662, wadda ta zo da sabon shan shayi daga gidansu. Kafin a ankara talaka ma ya kamu, gwamnati kuwa ta ga wurin tatsa. Haraji ya yi ta hawa har ya kai kashi 119 cikin ɗari, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, 'yan algus suka shiga gauraya ganyen da na wasu itatuwa. Sai a 1784 aka sauke harajin zuwa kashi 12 da rabi, nan take kasuwar 'yan fasa-ƙwauri ta mutu.

A can tsallaken teku, harajin shayi ya riga ya kunna wata wutar. A daren 16 ga Disamba, 1773, mutanen Boston, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin Ingila, suka hau jirage uku suka tuttular da akwati 342 na shayin Kamfanin Gabashin Indiya cikin teku, suna cewa majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon ɗora musu haraji. Bayan shekara biyu yaƙi ya ɓarke, a 1776 Amurka ta shelanta 'yancin kanta.

Mafi muni shi ne abin da ya faru da Sin. Ingilishi suna bukatar shayi, Sinawa kuwa ba su bukatar kayan Ingila, azurfa kawai suke karɓa. Da azurfa ta fara ƙarewa, sai 'yan kasuwar Ingila suka koma shigar da ofiyam, wani mugun kayan maye da ake nomawa a Indiya, suna sayarwa su sayi shayi da kuɗin. A 1839 wani jami'in sarkin Sin mai suna Lin Zexu ya ƙwace akwati sama da 20,000 na ofiyam ya lalata. Ingila ta mayar da martani da jiragen yaƙi, aka gwabza har 1842, Sin ta sha kashi, aka tilasta mata buɗe tashoshin ruwa biyar tare da miƙa tsibirin Hon Kon.

Duk da haka Ingilishi ba su so su ci gaba da dogara da gonar wani ba. Tun 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya samu labarin cewa akwai shayi da ke fitowa da kansa a dazukan Asam, wanda mutanen Singpho suka daɗe suna sha. A 1839 aka kafa Kamfanin Asam. A 1848 kuma aka tura masanin tsirrai Robert Fortune cikin ƙasar Sin, ya yi shigar Sinawa, ya kwaso iri da dashe da ƙwararrun ma'aikata zuwa Indiya. A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, James Taylor ya fara gonar shayi a 1867, sai ga wata cuta ta faɗa wa gonakin kofi daga 1869, manoma suka koma shayi. A 1890 wani mai kantuna ɗan Gilasgo, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a can, ya riƙa ƙulla ganyen a ƙananan fakiti yana sayar wa talaka da araha. Sunansa ne har gobe muke kira idan mun ce a ba mu Lipton.

Arahar nan kuwa da gumin wasu aka saye ta. Dubban ɗaruruwan talakawa aka kwaso daga tsakiyar Indiya zuwa Asam bisa yarjejeniyar ƙwadago da ba ta da maraba da bauta, wanda ya gudu a kamo shi a hukunta, cututtuka kuma suka kashe da yawa. Haka aka kwashi Tamilawa zuwa tsaunukan Silon. Marubucin Indiya Mulk Raj Anand ya gina littafinsa na 1937, Two Leaves and a Bud, a kan rayuwar waɗannan leburori, sunan littafin kuwa daga ƙa'idar tsinkar shayi ya samo shi, wato ganye biyu da toho ɗaya.

Yadda ƙanƙara ta shiga kofi

Kafin a sha shayi da sanyi sai an samu ƙanƙara a lokacin zafi, abin da a da sai gidan sarauta. Wani ɗan Boston mai suna Frederic Tudor ne ya mayar da ita haja. A 1806 ya sa aka yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare, ya loda a jirgi zuwa tsibirin Matinik. Mutane suka yi masa dariya, ya yi asara, har bashi ya kai shi kurkuku. Bai daddara ba, ya gano cewa dusar katako tana hana ƙanƙara saurin narkewa. A 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata, tafiyar wata huɗu, kusan tan 100 ya isa lafiya. Sannu a hankali ƙanƙara ta yi araha a biranen Amurka, musamman jihohin kudu masu zafi da gumi.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai wani Bature mai tallar shayin Indiya, Richard Blechynden, shi ya ƙago shayin ƙanƙara a bikin baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904, da ya ga zafi ya hana mutane kusantar rumfarsa. Labarin yana da daɗin ji, amma takardu sun ƙaryata batun ƙagowar. Tun 1879 wata mata mai suna Marion Cabell Tyree ta buga littafin girke-girke, Housekeeping in Old Virginia, wanda a ciki akwai yadda ake jiƙa koren shayi, a bar shi ya huce, a zuba a kan ƙanƙara da sukari, a matsa lemun tsami. Ke nan matan gida sun riga mai rumfa da aƙalla shekara 25. Abin da bikin ya yi shi ne tallata abin ga miliyoyin baƙi. Sau da yawa haka tarihi yake, mai ganga ake ji, a manta da wadda ta yi aikin a madafa.

Abubuwa uku suka ƙara kafa shi. Na farko, dokar hana sayar da giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933 ta sa otal-otal da gidajen abinci neman abin da za su ba baƙi. Na biyu, firji ya shiga gidaje daga shekarun 1930. Na uku, Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke hanyar koren shayi daga Sin da Japan, Amurkawa suka koma baƙin shayin Indiya da Silon, suka kuma zauna a kansa. A yau kusan kashi uku cikin huɗu na shayin da ake sha a Amurka da ƙanƙara ake shan sa.

Jaka, gari da gwangwani

Da shayi ya shiga hannun mutanen da agogo ke kora, sai aka shiga neman hanyar gajarta shi. A 1901 wasu mata biyu a birnin Milwaukee, Roberta Lawson da Mary Molaren, suka nemi rajistar wata 'yar jaka da ake zuba ganye a tsoma a kofi, aka ba su a 1903. Nan ma sunan wani ɗan kasuwar New York, Thomas Sullivan, aka fi ambata, wanda aka ce wajen 1908 ya riƙa aika samfur cikin jakunkunan siliki.

Garin da ke narkewa kuwa, tun 1885 aka yi rajistar wani curi na ruwan shayi da madara da sukari a Ingila, amma bai yi kasuwa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa ba sojojin Birtaniya gaurayen shayi da madara da sukari cikin guzurinsu. Wanda ya buɗe kasuwar sosai shi ne kamfanin Nestlé, wanda ya riga ya fito da garin kofi na Nescafé a 1938, sannan ya bi da Nestea a 1948.

Ya kamata mu bambance wannan gari da na daular Song. Na Song ganye ne aka niƙa, ana shanye shi duka. Na zamani kuwa dafaffen shayi ne aka busar. Ana dafa ganye a manyan tukwane, a tace, a rage ruwan har ya yi kauri, sannan a fesa shi ta saman wata doguwar hasumiya mai iska mai zafi, kafin ya sauko ƙasa ya bushe ya zama gari. Matsala biyu suka taso. Ta farko, idan baƙin shayi mai ƙarfi ya huce yakan yi gurɓi, domin sinadarin kafeyin, wanda shi ne dai ke cikin goro, yana haɗuwa da sinadaran da ke ba shayi bauri su dunƙule. Sai da masana suka samo dabarun warware wannan kafin a samu garin da ke narkewa garau a ruwan sanyi. Ta biyu, zafin hasumiya yana korar ƙamshin ganyen. A nan ne lemun tsami da sauran kayan ɗanɗano da sukari suka samu ƙofa, suna cike gurbin abin da wuta ta cinye.

Daga gari aka koma kwalba da gwangwani. Kamfanin Ito En na Japan ya fito da koren shayi na gwangwani a 1985, Snapple ya fara shayin kwalba a Amurka a 1987, AriZona ya biyo baya a 1992. Abin lura shi ne Japanawa sun fi son nasu babu sukari ko kaɗan, Amurkawa kuwa sai ya yi zaƙi.

Wannan zaƙi shi ne inda gizo ke saƙa. Duk wanda ya juya bayan irin wannan ƙunshi ya karanta zai tarar a mafi yawansu sukari ne a sahun farko, shayin kuwa ɗan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga babban mutum. Kwalba ɗaya babba ta shayi mai zaƙi tana iya cinye mafi yawan wannan kaso. Saboda haka zargin dattijonmu na ruwan alawa yana da ƙamshin gaskiya, sai dai shi ma idan aka ƙirga cokulan da ke shiga butarsa, ba lallai ya fita ba.

Namu shayin

Shayin da ya zo mana ta arewa kore ne, irin wanda Sinawa ke murzawa ƙulu-ƙulu. Ya bazu a Maroko a ƙarni na 19, ya haɗu da na'a-na'a da sukari, ya bi raƙuma ya ratsa Sahara. Buzaye suka riƙe shi da ƙa'idarsa: ƙaramar buta a kan gawayi, ƙananan kofunan gilashi, dahuwa uku daga ganye ɗaya, ta farko mai ɗaci, ta ƙarshe mai zaƙi. A garuruwan Nijar irin su Damagaram da Maraɗi da Yamai, tun shekarun 1990 zaman fada na samari ya ginu a gefen wannan buta. Wanda ya zo ta kudu kuwa baƙi ne, na fakiti, tare da madarar gwangwani da burodi, shi ne ya haifi teburin mai shayi, inda ake zaɓar haɗin kauri ko ruwan bunu gwargwadon nauyin aljihu. A waɗannan wurare biyu jiran tafasar yana cikin abin da ake zuwa nema, domin a cikinsa ake hira, a ji labarin gari, a sasanta masu faɗa. Garin da ke narkewa cikin daƙiƙa goma yana kashe ƙishi, amma ba ya tara mutane.

Muna kuma da gonar kanmu. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda sanyi da ruwan sama suka dace da tsiron, ana noman shayi a Kakara tun shekarun 1970, daga nan ne Highland Tea ke fitowa, ko da yake abin da ake samu bai kusa isar masu sha a Nijeriya ba.

Kammalawa

Ba za mu rufe ba sai da labari mai daɗi. A Kenya, inda aka fara dasa shayi a Limuru a 1903, Turawan mulki sun hana baƙar fata noma shi har zuwa shekarun 1950. Yau ƙananan manoma sama da rabin miliyan ne ke samar da fiye da rabin shayin ƙasar, Kenya ce ta uku a duniya bayan Sin da Indiya, ita ce kuma kan gaba wajen fitar da baƙin shayi, kasuwar gwanjon Mombasa kuwa tana cikin mafi girma a duniya. A Disambar 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu ta zama Ranar Shayi ta Duniya domin tunawa da manoma da masu tsinka. A 2022 hukumar UNESCO ta sa dabarun sarrafa shayi na Sin, da al'adar shayin Turkiyya da Azarbaijan, cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam.

Ga mai son shayin sanyi a wannan bazara kuwa, ba sai ya je kanti ba. Ya jiƙa ganye a ruwan zafi na minti huɗu ko biyar, ya tace, ya bar shi ya huce a hankali kafin ya sa a firji don kada ya yi gurɓi, ya matsa lemun tsami, ya jefa na'a-na'a ko 'yar citta, sukarin kuma ya auna da hannunsa. Lu Yu ba zai yarda da cittar ba, dattijonmu ba zai yarda da ƙanƙarar ba, amma aƙalla mai sha ya san abin da ke cikin kofinsa, ya kuma san hannayen da ganyen ya ratsa kafin ya iso gare shi.